Rangwamen Lanho da Jika Goma: Wanne Ke Isa Ga Mai Goyo?

Hanya biyu gwamnati ke bi idan tana son rage wa iyali nauyin raino: ko ta rage abin da take karɓa daga hannunsu, ko ta sa musu wani abu a hannu. Duka biyun suna nan a Nijar, kuma wanda ya zagaya Gazawa da Agye da Gidan Rumji a jihar Maraɗi zai iya ganin inda kowacce ta sauka.

Ta farko tana cikin dokar harajin albashi. Ma'aikacin da ke ɗauke da nauyin mutum ɗaya ana yi masa rangwamen kashi 5 cikin ɗari, mai mutum biyu kashi 10, haka abin ke hawa har kashi 30 ga mai mutum bakwai, daga nan ya tsaya. Malamin makaranta a Gazawa ko ma'aikacin likita a Agye ba ya bin layi domin wannan. Ya kai takardun haihuwar yara sau ɗaya, sauran aikin na masu lissafin albashi ne. A Amurka, tun 1976, sun ƙara matsawa kusa da rainon kansa: wanda ya biya mai raino domin ya samu zuwa aiki yana iya gabatar da kuɗin da ya kashe, a yau har dalar Amurka 3,000 ga yaro ɗaya ko 6,000 ga biyu zuwa sama, a cire masa wani kaso daga harajinsa.

Ta biyu ta zo da shirin tallafin da gwamnatin Nijar ta buɗe a 2011 da kuɗin Bankin Duniya. Ana zaɓar gidajen da suka fi rauni, a riƙa ba su jika goma kowane wata har wata 24, kuma mace ce ke karɓa. Daga baya, a zamanin shirin Wadata Talaka, kuɗin ya koma jika goma sha biyar. Ƙauyukan Gangara da Cadawa da Saye Sabuwa da Gidan Sori suna cikin waɗanda suka fara gani, kuma ƙuri'a aka jefa a gaban jama'a wajen zaɓen ƙauyuka, tunda kuɗin bai isa kowa ba.

Ta fuskar yawan waɗanda ake kaiwa gare su, tazarar ba ƙarama ba ce. Rangwame sai mai albashi, masu albashi kuwa a ƙauye ɗaya ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Manomin gero da gyaɗa da wake yana biyan lanhonsa ta hannun mai gari, amma ba shi da takardar albashin da za a yi wa ragi. Ko a Amurka wannan ƙorafi yana nan: wanda samunsa bai kai a bi shi haraji ba, babu abin da za a cire masa, in ban da shekarar 2021 da aka ba irinsu kuɗin a hannu. Jika goma kuwa tana tsallake wannan shinge, ta shiga gidan da ba a taɓa ganin albashi ba.

Ta fuskar ɗorewa, ma'aunin yana juyawa. Rangwame haƙƙi ne. Yana cikin doka, ba ya jiran ƙuri'a, ba ya ƙarewa da wata 24, kuma ba wanda zai ce wa malami ya gode. Tallafi kuwa aikin shiri ne, shiri kuma yana da ranar rufewa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 Bankin Duniya ya dakatar da sakin yawancin kuɗinsa na wani lokaci, kowa ya ga inda igiyar take ɗaure. Akwai kuma ɓacin ran zaɓe: gida biyu masu danga ɗaya, rumbunsu duka ya ƙare tun kafin ruwan farko, a ba wannan a tsallake wancan. Mai garin da aka yi haka a garinsa ya san yawan sallamar da ya amsa.

Sai tambayar hannun da kuɗin ke faɗawa. Rangwame yana narkewa cikin albashin maigida, uwargida ma ba lallai ta san da shi ba. Jika goma kuwa ana ƙirga ta a tafin mace, ta ƙulle a bakin zane, wani kaso ya tafi hatsi, wani asusu, wani akuya. Jihar Maraɗi ta san irin wannan asusu tun 1991 da aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara. Sai dai kada a yi saurin yabo. Binciken da Patrick Premand da Oumar Barry suka yi a su Gangara da Cadawa ya nuna cewa kuɗi kaɗai bai gyara girman jikin yara ba; inda aka haɗa da tarurrukan faɗakarwa kan shayarwa da tsafta da wasa da yaro, halin raino ya gyaru, amma ko can tsayi da nauyin yara ba su nuna canji ba.

Akwai abin da duka biyun suka kauce wa. A Gazawa ba gidan raino ake biya ba. Idan uwa ta tafi gamanarta da damina, ko ta ɗauki ƙwarya zuwa rijiya, wanda ke riƙe jariri kaka ce, ko kishiya, ko yarinya 'yar shekara tara da goyo ya kusa rinjayarta, tana tafe tana gyara majanyi, lakkol kuma tana can tana jiranta. Ita ce ke biyan kuɗin raino, da karatunta. Rangwame bai san ta ba, tunda ba ta ba da rasit. Tallafi ma ba da sunanta ya zo ba.

Idan aka tilasta mini zaɓa wa wannan yanki, jika goma zan ɗauka, domin ko ba komai tana shiga gidan da yarinyar take. Amma zan so a ara mata abu ɗaya daga rangwame: a rubuta ta cikin kasafin ƙasa da doka, ta bi shekarun yaro maimakon shekarun shiri, yadda matar Gangara za ta san da ita tun tana da ciki, kamar yadda malamin Gazawa ya san da nasa.