Boys Town: garin da wani Fada ya gina wa yaran da kowa ya gaji da su

A yammacin birnin Omaha na jihar Nebraska ta Amurka akwai wani ƙauye mai gidan waya, da 'yan sanda, da 'yan kwana-kwana, da makarantu, da majami'u biyu, ɗaya ta Katolika ɗaya ta Furotesta. Wanda ake kira magajin garin kuwa ɗalibin sakandare ne, 'yan'uwansa yara ne ke zaɓensa da ƙuri'a. Sunan wurin Boys Town, wato Garin Samari, ko da yake tun 1979 ake karɓar 'yan mata a cikinsa. Yaran da ake kai wa can su ne waɗanda gida ya gaza da su, makaranta ta kore su, ko alƙali ya rasa inda zai ajiye su: masu zafin zuciyar da ba sa iya dannewa, masu gudu daga gida, da waɗanda duka ko sakacin manya ya bar wa tabo a rai.

Wanda ya kafa shi, Fada Edward Flanagan, ɗan ƙasar Ireland ne. An haife shi a 1886 a gundumar Roscommon, ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1904, aka naɗa shi limamin Katolika a 1912. Da aka tura shi Omaha, sai ya buɗe masauki ga magidantan da ba su da aiki ba su da wurin kwana. Yawan sauraron labarinsu ya nuna masa cewa akasarinsu tun suna ƙanana rayuwa ta karkace musu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar 12 ga Disamba, 1917, ya ranci dala 90, ya kama hayar wani tsohon gida, ya fara da yara biyar. A 1921 ya koma da su wata gona mai suna Overlook a bayan gari, inda a 1936 hukuma ta amince da wurin a matsayin ƙauye mai cin gashin kansa.

Ra'ayin Flanagan ya saɓa wa na zamaninsa. Gidajen kangararrun yara na wancan lokaci ba su da maraba da kurkuku: katanga, makulli, bulala da aikin ƙarfi. Shi kuwa ya tsaya a kan cewa babu yaron da aka haifa mugu, sai dai muguwar tarbiyya da mugun mahalli. Bai kewaye gonar da katanga ba. Ya karɓi baƙi da farare, Kirista da Yahudawa, suna kwana ɗaki ɗaya a ƙasar da wariyar launin fata ke da ƙarfi, abin da ya jawo masa ƙiyayyar masu aƙidar fifita farar fata. Game da addini, ƙa'idarsa ita ce kowane yaro ya koyi yin addu'a, amma yadda zai yi ta nasa ne. Fim ɗin da aka yi a kan gidan a 1938, wanda Spencer Tracy ya fito a matsayin Flanagan har ya ci kyautar Oscar, shi ya kai sunan wurin ko'ina a duniya, kuɗin taimako kuma ya riƙa shigowa ta wasiƙa.

Sai dai kalmar "gidan Katolika" ita kaɗai ba ta bayyana abin da ke faruwa a bayan ƙofa, kuma Flanagan da kansa ya shaida haka. A 1946 ya ziyarci ƙasarsa ta haihuwa, inda ƙungiyoyin addini na cocinsa ke gudanar da makarantun horon yara da kuɗin gwamnati. Abin da ya gani da wanda ya ji bai yi masa daɗi ba, ya kuma fito fili ya ce tsarin abin kunya ne ga ƙasar. Ministan shari'a na lokacin, Gerald Boland, ya tashi a majalisa ya yi watsi da maganar a matsayin zuzutawa. Flanagan ya rasu a Berlin ranar 15 ga Mayu, 1948, yana rangadin duba halin yaran da yaƙin duniya ya mai da marayu, bai sami komawa Ireland ba.

Sai da aka shekara fiye da 60 kafin gwamnatin Ireland ta ji gaskiyar daga bakin hukumar da ita ta kafa. Rahoton Ryan na 2009 ya tabbatar da cewa duka da yunwa da wulaƙanci sun zama ruwan dare a waɗannan makarantu, irin su Artane da Letterfrack, kuma lalata da yara ta yi katutu a na maza. Abubuwa biyu a rahoton sun cancanci duk mai riƙe da fayil a ma'aikata ya tsaya a kansu. Na farko, gwamnati tana biyan kuɗi ne bisa kan kowane yaro, saboda haka cikar gida riba ce, sallamar yaro kuwa asara. Na biyu, ma'aikatar ilimi da ke da alhakin sa ido ta riƙa jin nauyin shugabannin addini, masu duba makarantun suka zama 'yan rakiya.

Shi ma Boys Town bai tsira daga nasa abin faɗa ba. Bayan rasuwar wanda ya kafa shi, gidan ya girma ya zama babbar ma'aikata, yara ɗaruruwa a manyan ɗakunan kwana, wasiƙun neman taimako kuma miliyoyi suna fita kowace shekara da hoton talauci. A Maris na 1972 wata 'yar ƙaramar jaridar mako-mako, Sun ta Omaha, mallakar attajiri Warren Buffett, ta nemi takardun da doka ta wajabta wa ƙungiyoyin agaji su miƙa wa hukumar haraji. Ta tarar dukiyar gidan ta kai kimanin dala miliyan 209, tana ƙaruwa fiye da abin da ake kashewa a kan yaran nesa ba kusa ba, alhali tsarin kula da su ya tsufa. Labarin ya ci kyautar Pulitzer a 1973. Ba a ce an saci kuɗin ba. An tara su ne kawai, ana ta roƙon ƙari. Wani lokaci wannan ya fi sata wuyar ganewa, domin littafin lissafi yana nan daidai.

Wannan tonon silili shi ya haifi Boys Town na yau. Sabon shugaba, Monsinyo Robert Hupp, wanda ya karɓi ragama a 1973, ya waiwayi wani gwaji da masana halayyar ɗan Adam na Jami'ar Kansas suka fara a 1967 a wani ƙaramin gida mai suna Achievement Place. Daga tsakiyar shekarun 1970 aka daina tara yara a manyan ɗakunan kwana, aka raba su gida-gida. Kowane gida akwai miji da mata da aka horar, suna zaune a ciki dare da rana, sau da yawa tare da 'ya'yan cikinsu, suna riƙe da yara shida zuwa takwas.

Abin da ake yi a waɗannan gidaje ba shi da wani armashi a ido, kuma a nan ƙarfinsa yake. An ɗauka cewa yaron da ke zagin malami ko fasa ƙofa idan an hana shi abu, akwai wata dabarar zama da mutane da ba a taɓa koya masa ba. Don haka ake koya masa ita daki-daki kamar karatun allo. Bin umarni, misali, matakai ne: ka dubi mai magana, ka amsa, ka yi abin nan take, ka dawo ka ce ka gama. Haka karɓar "a'a", da karɓar gyara, da neman izini, da nuna rashin yarda ba tare da faɗa ba. Yaro na yawo da kati. Idan ya yi daidai a rubuta masa maki, idan ya kauce a rage, a kuma ba shi damar sake gwadawa ya maido wani ɓangare. Da makin yake sayen 'yancin kallon talabijin ko fita. Ana so yabo ya fi tsawatarwa yawa. Da yamma iyalin gidan kan zauna, yaran su tattauna ƙorafinsu, su sa baki a dokokin gida. Yayin da yaro ya natsu, sai a janye katin sannu a hankali.

Masu suka suna da hujjarsu. Wasu masana na ganin lissafin maki na iya gyara abin da ido ke gani ba tare da ya taɓa ciwon da ke zuciya ba, musamman ga yaron da aka ci zarafinsa. An kuma shigar da ƙararraki a kan gidan bisa zargin cin zarafin wasu yara a hannun ma'aikata, abin da ke nuna ƙanƙantar gida ba ta ɗauke buƙatar ido daga waje. Babbar tambayar da ta fi damun kowa ita ce ranar komawa gida: yaro ya shekara yana koyon haƙuri, sai a mai da shi ɗakin da uba ke shaye-shaye, unguwar da tsofaffin abokai ke jiransa. Wannan ne ya sa ƙungiyar, wadda a yanzu take bayyana kanta a matsayin ta kowa ba ta wata ɗariƙa ba, ta karkata ga aika ma'aikata cikin gidajen iyaye, da koyar da su tarbiyya, da layin waya na gaggawa da ta buɗe a 1989. Cocin Katolika kuwa tun 2012 ta fara bin matakan duba yiwuwar ayyana Flanagan a matsayin waliyyi.

Gwamnatin tarayyar Amurka ma ta bi wannan hanya, kuma da jakar kuɗi ta bi ta. Dokar da aka sa wa hannu a 2018, wadda aka sani da Family First, ta taƙaita tallafin tarayya ga ajiye yaro a gidan taro zuwa mako biyu, sai fa in wurin ya cika sharuɗɗan cibiyar jinya ta musamman. Dole wani ƙwararre ya tantance cikin kwana 30 ko yaron na buƙatar zama a can, kotu ta duba shawarar cikin kwana 60, a riƙa sa danginsa cikin jinyar, sannan bayan an sallame shi cibiyar ta ci gaba da bibiyarsa har tsawon aƙalla wata shida. Cibiyar da ta kasa, ta coci ce ko ta 'yan kasuwa, jiha ce za ta biya kuɗinta daga aljihunta.