Shammar: Ƙamshi A Tukunya, Hattara Ga Jariri

Duk wanda ya shiga wajen masu kayan ƙamshi a Kasuwar Monday da ke Maiduguri zai ga shammar kusa da hulba da kanumfari. 'Ya'yansa ƙanana ne, kore-kore, masu ɗan zaƙi a baki. A unguwanni irin su Lamisula, uwargida kan jefa shi a shayi ko a dahuwar nama, wasu kuma su tauna bayan cin abinci.

Asalin tsiron daga ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne, amma a yau Indiya ce ta fi kowa noma shi. Ƙamshinsa na fitowa ne daga wani mai da ake kira anetol, wanda ke sassauta murɗawar hanji. Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da shi a matsayin maganin gargajiya na kumburin ciki, da ciwon mara mai sauƙi lokacin al'ada, da tarin mura.

Ga babba, a ɗan daka giram 1.5, wato ƙasa kaɗan da ƙaramin cokali, a zuba tafasasshen ruwa kofi ɗaya, a rufe minti 15. Ana iya sha sau uku a rana, amma kada a wuce mako biyu. Idan ciwon bai lafa ba, asibiti za a nufa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen jarirai. Da yaro ya fara kukan ciki, sai kaka ko maƙwabciya ta ce a jiƙa masa shammar. Niyyar mai kyau ce, amma hukumar da muka ambata ba ta ba da shawarar a bai wa yaron da bai kai shekara 4 ba. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi. Jiƙo na cika cikin jariri ya rage shan nono, kuma idan ruwan ba shi da tsabta, gudawa ce za ta biyo baya. A 2008 likitoci a Turkiyya sun ba da rahoton ƙananan yara mata da nono ya fara fito musu bayan an daɗe ana ba su shayin shammar.

Mai juna biyu da mai shayarwa su tsaya ga ɗan abin da ake sa wa girki, su bar jiƙon da man. Mai shan ciprofloxacin ma ya dakata har ya gama, domin gwaji a kan dabbobi ya nuna shammar na rage yawan maganin da ke shiga jini.

Uwargida, ki sayi 'ya'yan da ba a niƙa ba, ki shinshina, ki guji masu warin danshi, ki adana a kwalba mai murfi. Jaririn da kukansa ya haɗu da zazzaɓi, amai ko ƙin kama nono kuwa, a garzaya da shi asibiti a ranar.