Madobiya Ta Yi Wuya: Inda Kafintoci Ke Neman Katakonta

Duk kafintan da ya daɗe a sana'a ya san cewa a cikin itatuwan dajin ƙasar nan kaɗan ne ke kama ƙafar madobiya wajen ƙarfi da kyan launi. Ice ne mai nauyin gaske, gara ba ta cinsa da sauƙi, in kuwa aka goge shi sai ya fito da launin ruwan zuma mai ratsin duhu. A da, wanda ke bukatarsa ba ya yin wata doguwar tafiya. A yau kuwa kafinta yakan zaga kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano, ko ta Dei-Dei a Abuja, ko ta Bodija a Badun, ya sha tambaya kafin ya sami falanki ɗaya mai faɗin da zai isa fuskar tebur.

Ita dai madobiya bishiya ce ta dajin da ke tsakanin kurmi da sahel, tun daga Senegal har zuwa Chadi da Afirka ta Tsakiya. Takan zubar da ganye da rani, ta yi fure rawaya, sa'an nan ta sake toho tun damina ba ta faɗi ba, watau daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Shi ya sa makiyaya ke sassabo ganyenta su ba shanu. In an sare ta takan fid da jan ƙaro kamar jini, wanda ake rini da magani da shi. Tana kuma da jinkirin girma, sai ta shekara da dama kafin ta isa yanka.

Dalilin ƙarancinta daga ƙasar Sin ya taso. Can akwai tsohuwar al'ada ta yin gadaje da kujeru da jan katako mai nauyi, irin na fadar sarakunan daulolin Ming da Qing, waɗanda suke kira hongmu. A shekarar 2000 hukumar ƙasar ta fid da jerin itatuwa 33 waɗanda kaɗai ta yarda a kira su da wannan suna, madobiya kuwa tana ciki. Da irin waɗannan itatuwa suka yi ƙaranci a dazuzzukan Asiya, sai fatake suka juyo Afirka ta Yamma wajen shekarar 2010. Suka bi ta Gambiya da Benin da Ghana, kafin shekarar 2015 kuwa Nijeriya ta shiga sahun gaba wajen fitar da gumagumanta.

An soma saran ne daga jihohin yamma, aka gangaro Kogi da Binuwai, har aka kai Taraba, inda mutanen Bali da Gashaka suka san icen da sunan madrid, 'yan kasuwar waje kuma suna ce masa kosso. Akan yanke gindin, a feƙe shi kusurwa huɗu, a loda a manyan motoci zuwa Shagamu, a cusa a kwantena, a kai tashar jiragen ruwa ta Ikko. Wata ƙungiyar bincike mai suna EIA ta ba da rahoto a 2017 cewa gumagumai fiye da miliyan 1.4, waɗanda kuɗinsu ya kai dala miliyan 300, sun shiga Sin daga Nijeriya ba bisa ƙa'ida ba.

Ganin haka ne ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES, wadda ke tsare cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, suka sa madobiya a jeri na biyu a taronsu na Johannesburg a 2016. Ma'anar wannan ita ce ba a ƙetare iyaka da ita sai da takardar izini. A ƙarshen 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya, a 2022 kuma matakin ya game sauran ƙasashen da take tsirowa. Amma fa yarjejeniyar cinikin ƙetare kaɗai ta shafa. Sara da sayarwa a cikin gida suna hannun gwamnatocin jihohi, ta hanyar ma'aikatunsu na gandun daji.

To, ina kafinta zai dosa? Hanya ta farko ita ce ya riƙe dillali ɗaya amintacce a kasuwar katako, wanda zai iya faɗin jihar da kayansa suka fito, ya kuma nuna takardar malaman daji. Katakon da ba shi da takarda ana iya ƙwace shi a hanya, asarar kuwa ta mai saye ce. Hanya ta biyu ita ce ragowar da masu fitarwa waje ke bari, gama su miƙaƙƙen gindi kaɗai suke so, manyan rassa da guntaye sukan ƙare a hannun masu gawayi, alhali kuwa sun isa a yi ƙafafun kujera da ƙotoci da akwatuna. Ta uku ita ce tsofaffin ƙyamare da gadaje da tebura na gidajen da ake rushewa. Wannan katako ya riga ya bushe sarai, ba a kuma sare sabuwar bishiya dominsa ba.

Ko ta wace hanya aka bi, ba a cinikin biri a sama. Wajibi ne mai saye ya ɗaga falankin ya ji nauyinsa, ya kuma kankare gefe ɗaya, domin akan shafa wa farin katako launi a sayar da shi da sunan madobiya. Ta gaske launinta har ciki yake. Ya duba kada farin da ke bin ɓawo ya yi yawa, don shi ƙwari ke fara ci. Kada kuma ya yi aiki da ɗanye. Katakon da aka yanko daga wuri mai laima, in ya gamu da iskar hunturu, tsagewa yake yi. Sai a jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki, a shafe bakunansa da fenti. Ƙa'idar masu sana'a ita ce shekara guda ga kowane inci ɗaya na kauri.

Wasu kafintoci sun koma ga kawo da maɗaci, amma su ma an sa su a jeri na biyu na CITES a taron Panama na 2022, abin da ke nuna hanyar da madobiya ta bi suke bi. Saboda haka neman dillali magani ne na ɗan lokaci kurum. Madobiya tana tsirowa daga iri, kututturenta kuma yakan sake toho in an kare shi daga gobarar daji da dabbobi. Ya rage ga gwamnatocin jihohi da sarakuna da ƙungiyoyin kafintoci su haɗa kai da Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Badun a raini dashe, a kuma tsare 'yan bishiyoyin da suka saura. In ba a yi haka ba, yaran da ke koyon sana'a yau za su san madobiya ne a bakin iyayen gidansu kawai.