Ko Kun Sani? Hannun Tuƙi a Gana

Ranar 4 ga Agustan 1974 Gana ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama, shekara biyu bayan Najeriya, don ta daidaita da maƙwabtanta irin su Togo. Saboda haka Bakanon da ya yi hayar mota a Tamale zuwa Yendi ko Salaga, tsohuwar kasuwar goro, hannu ba zai rikice masa ba. Duk da haka gara ya ɗauki motar da direbanta. Wani zai ce ai ƙarin kuɗi ne. Haka ne, amma ɗan gari ya san ramukan damina da shingayen 'yan sanda, kuma idan tafiyar ta kai garin Bawku, can an sha sanya dokar hana fita, wadda baƙo bai cika sanin lokutanta ba.