Daga luru zuwa kwarashi: hannu na nan, zare ne babu

Daga Disamba zuwa Janairu, idan iskar hunturu ta kaɗo daga arewa, ma'aunin zafi a Dutsin-Ma da Kurfi kan sauko ƙasa da digiri 15 da asuba, kuma mazauna kusa da madatsar ruwa ta Zobe sun fi kowa sanin cizon wannan sanyi. A lokacin ne kwarashi ke fitowa daga cikin kwalla. Mata da 'yan mata na saƙa hular jarirai da safa da rigar sanyi, wasu don 'ya'yansu, wasu don kai wa gidan suna. Kaɗan ne ke wucewa zuwa bargo, alhali bargo mai ratsi-ratsi ya fi hula sauƙin saƙa. A ganina shi ne ya kamata ya zama babban aikin wannan sana'a a yankin, kuma abin da ya tare masa hanya shi ne zare.

Bargo ba ya samar da ɗumi da kansa. Jikin mutum ne ke fitar da zafi, aikin mayafi kuwa shi ne ya tsare iskar da jiki ya ɗumama kada ta tsere. Iskar da ke tsaye wuri guda ba ta saurin wucewa da zafi, saboda haka duk saƙar da ta tara ƙananan aljihunan iska tsakanin zarenta za ta riƙe ɗumi. Saƙar kwarashi kauri gare ta, kowane ƙulli na naɗe da iska. Inda ake kuskure shi ne zaɓen saƙa mai manyan huji saboda ado. Iska na ratsa ta kamar rariya, ga kuma yatsun jariri na iya maƙalewa a ciki. Saƙa matsattsiya, layi bisa layi, ita ce ta sanyi, kuma ita ce mai koyo ke fara iyawa: a ja sarƙa daidai faɗin gado, a bi ta da ƙulli iri ɗaya har ƙarshe, a juyo, in an so sauya launi a ɗaura sabon zare a bakin layi.

Ratsin nan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Luru, bargon auduga fari mai ratsin baƙi da shuɗi, da gwado, su ne mayafan kakanninmu. Mata ne ke gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da abawa a mazari. Marina su rina zaren da baba, masaƙa su saƙa shi siri-siri a haɗa da allura. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa Katsina ya isa Kano a 1851, tufafin saƙa da rini ne ya tarar suna riƙe da kasuwancin ƙasar, ana kai su har Timbuktu. Ratsi na da wata hikima da ta dace da aljihun talaka a yau ma. Mai saƙa ba ta buƙatar sayen zaren bargo gaba ɗaya rana guda. Ta sayi dunƙule biyu a wannan kasuwa, in adashi ya zagayo ta ƙaro uku, kuma ko launin bai zo daidai da na farko ba, ya zama wani ratsin. Ragowar zaren hula da safa ma ya sami wurin shiga.

To, wane zare? Abin da ake sayarwa da sunan ulu a shagunanmu da Kantin Kwari yawanci ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne da ake sarrafawa daga man fetur. Gwajin ba wuya: a kunna ashana a bakin zaren. Auduga na ci kamar takarda ta bar toka, ulun gaske na warin ƙonannen gashi ya mutu da kansa, na roba kuwa narkewa yake yi ya bar baƙin ƙulli mai tauri. A ɗakin da ake kwana da kaskon garwashi, mayafin da ke narkewa ya manne a fata abin tsoro ne. Abin takaicin shi ne Jihar Katsina ƙasar auduga ce, daga Malumfashi zuwa Funtuwa. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta bi ta a 2007, kuma kaɗi a gida ya koma hannun tsofaffi ƙalilan. Auduga na fita daga jihar a buhu, mai kwarashi na sayen zaren roba da tsadar dala.

Masu ja za su ce bargon kanti na ƙasar Sin ko na gwanjo ya fi araha, kuma wanda aka saƙa da hannu na cin makonni. Gaskiya ne, in aka yi wa kowace awa kuɗi ba zai taɓa yin gasa da inji ba. Sai dai lissafin bai cika ba. Saƙa na shiga ne a giɓin yini, bayan an sauke tukunya, ko da dare ana hira, a hannun matan da yawancinsu a cikin gida suke sana'a. Jarinta ƙugiya ɗaya ce, ba ta jiran wutar lantarki. Ga iyalan da rashin tsaro ya raba da gonakinsu a ƙauyukan Kurfi da Safana da Batsari, sana'ar da ke shiga jaka a tafi da ita ba abin rainawa ba ce. Sannan bargon hannu in ya huje ana gyara shi, in yaro ya girma a ƙara masa layi.

Wasu kuma za su ce auduga ba ta kai zaren roba ɗumi ba, ga nauyi, ga jinkirin bushewa. Wannan ma haka yake. Amma sanyinmu busasshe ne, ba na ƙanƙara ba, kuma luru ya ishi mutanen da suka kwana a soro da bukka ƙarni bayan ƙarni. Abawa mai kauri a saƙa matsattsiya ta wadatar, wanki kuwa a hunturu kafin la'asar ya bushe. Abin da ake buƙata ƙarami ne: ƙungiyoyin mata su haɗa tsofaffin da suka iya kaɗi da 'yan matan da suka iya kwarashi, cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi su sa bargo a darasinsu, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita su gwada ƙananan na'urorin kaɗi da rinin da ba ya zuba. Ɗaliban da ke kwana a ɗakunan makarantun nan biyu kaɗai sun isa kasuwar farko, domin kowace shekara sai sun nemi mayafi.