Baki da Kunne: Yadda Na'urar Haɗa Kwamfutoci Ke Gane Irin Wayar da Aka Sa Mata



Watakila wani zai ce me ya haɗa malamin Hausa da wayar kwamfuta. Amsar ita ce duk abin da mutum zai iya bayyanawa da harshensa ya kama hanyar mallakarsa. Abin da ya jawo hankalina ga wannan magana kuwa shi ne wata rana da na shiga wani shagon intanet a Unguwar Romi, a Ƙaramar Hukumar Chikun, kudu da Kogin Kaduna. Na tarar da ɗalibai sun yi layi za su cika takardar jarrabawa, alhali rabin kwamfutocin ba sa aiki. Mai shagon ya rantse cewa sabuwar wayar da ya sayo ce ta lalace. Ashe wayar lafiyarta ƙalau. Abin da aka saita cikin na'urar ne bai dace da ita ba.

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta. Saboda haka waya guda da ta ƙi aiki a zauren jarrabawa tana iya jawo wa yaro asarar shekara, kamar yadda takan tsayar da aikin ofis tun safe har azahar.

Asalin matsalar

Tsarin haɗa kwamfutoci da ake kira Ethernet ya samo asali ne a 1973, a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, a hannun Robert Metcalfe da abokan aikinsa. A 1990 aka amince da ƙa'idar tafiyar da shi ta murɗaɗɗiyar waya, wadda muke gani yau a ofisoshinmu. Cikin kowace waya akwai silin tagulla takwas, an murɗe su bibbiyu, watau tagwaye huɗu. Kowace kwamfuta tana miƙa wayarta zuwa wani akwati mai kafofi da yawa wanda ma'aikata ke kira suwic, mu kuwa za mu iya ce masa mahaɗa.

A tsarin da ke gudun megabit 10 ko 100 cikin daƙiƙa, tagwaye biyu kaɗai ke aiki. Kwamfuta tana aika saƙo ta sili na 1 da na 2, tana karɓa ta na 3 da na 6. Mu ɗauka na farkon baki ne, na biyun kunne. Kafar mahaɗa kuwa an juya ta: tana saurare ta 1 da 2, tana magana ta 3 da 6. Don haka miƙaƙƙiyar waya, wadda kanta biyu ke da jeri iri ɗaya, takan kai bakin kwamfuta daidai kunnen mahaɗa.

Wahala tana zuwa ne in an so a haɗa jinsi ɗaya, kamar kwamfuta da kwamfuta, ko mahaɗa da mahaɗa. A nan baki zai fuskanci baki, kunne ya fuskanci kunne, ba mai jin wani. Maganin da aka samo a da shi ne waya mai gicciye. Akan ɗaure kai ɗaya bisa jerin T568A, wanda ke farawa da tagwayen kore, ɗayan kuma bisa jerin T568B, wanda ke farawa da tagwayen ruwan lemo. Waɗansu tsofaffin na'urori ma suna da wani maɓalli a gefen kafa ɗaya da akan danna a juya ta da hannu. Amma tun da wayoyin biyu kamarsu ɗaya a ido, sai rikici ya yawaita.

Yadda na'ura ke gane waya

Injiniyoyi biyu na kamfanin Hewlett-Packard, Daniel Dove da Bruce Melvin, su ne suka fito da dabarar da ake kira Auto-MDIX, aka kuma shigar da ita cikin ƙa'idar gudun gigabit ta 1999. Hikimar mai sauƙi ce. Da zarar an soka waya, kafa takan gwada magana ta 1 da 2 tana saurare ta 3 da 6. In ba ta ji kowa ba, sai ta juya baki ya koma kunne. To, in ɓangarorin biyu suna juyawa tare fa? Ai ba za su taɓa gamuwa ba, kamar mutum biyu da suka haɗu a lungu, kowa na kauce wa ɗan'uwansa zuwa gefe guda. Saboda haka aka sa kowace kafa ta riƙa zaɓen lokacin juyawarta ta hanyar ƙuri'a. Galibi kafin rabin daƙiƙa sun daidaita, fitilar kafa ta kama. Bugu da ƙari, in ɓangare ɗaya kaɗai ke da wannan dabara, ya wadatar.

Yadda ake saita ta

Ƙananan mahaɗan da ake sayarwa a kasuwa ba su bukatar komai. Da dabarar suke zuwa. Manyan na ofisoshi da cibiyoyin jarrabawa su ne ake shiga a ba su umarni. A na'urorin Cisco irin Catalyst 2960, ma'aikaci zai zaɓi kafar da yake so, sa'an nan ya rubuta umarni uku: speed auto, duplex auto, da mdix auto. Na farko ya bar wa kafa ta sasanta gudu da abokiyarta, na biyu ta sasanta ko za su yi magana lokaci guda ko bi da bi, na uku ta gane irin waya.

A nan ne mai shagonmu na Romi ya yi tuntuɓe. Wanda ya fara kafa masa na'urar ya ƙulle gudun kafar a kan 100 da hannu. A irin waɗannan na'urori, in aka hana kafa sasanta gudu, dabarar gane waya ma takan tsaya. Da aka mayar da umarnin nan uku, nan take fitila ta yi kore.

Iyakar dabarar

Sai dai kada mu ɗora mata abin da ba ta iya ɗauka. Ba ta gyara wayar da aka ɗaure da kuskure, musamman in an raba tagwaye, aka haɗa silin wannan da na wancan. Ba ta ƙara wa waya tsawo, domin iyakar ƙa'ida mita 100 ce. Gudun gigabit kuma yana bukatar tagwayen nan huɗu duka, don haka sili ɗaya da ɓera ya ci ya isa ya rage gudu ko ya yanke layi. Har wa yau, ba ta shafi kafofin wayar gilashi mai aiki da haske ba.

Kammalawa

Shawarata ga shugabannin ofisoshi ita ce kafin a rubuta takardar sayen sabuwar na'ura, a sa ma'aikaci ya duba saitin kafa, ya kuma auna waya da ma'auninta. Ga ɗalibanmu na Hausa kuwa, na kawo muku kalmomi uku: mahaɗa, kafa, da waya mai gicciye. Ku kai su shagunan Romi da Sabon Tasha ku gwada su a bakin masu sana'ar. Wadda suka karɓa ta zauna, wadda suka ƙi mu sake nema.