Shin hasken leza na warkar da cutar fangas ta farcen ƙafa?

Mutane da dama kan wayi gari su ga farcen babban yatsan ƙafarsu ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa ko ƙasa-ƙasa, sannan ya riƙa marmashewa daga baki. Wasu kan rufe shi da lalle, wasu kuma su daina sanya silifa a bainar jama'a saboda kunya. A 'yan shekarun nan, asibitocin kuɗi da wuraren gyaran fata a ƙasashe daban-daban suna tallata hasken leza a matsayin hanyar kawar da matsalar ba tare da shan ƙwaya ba. Sai dai abin da bincike ya tabbatar game da wannan hanya bai kai abin da talla ke faɗa ba.

Mene ne ke kawo cutar?

Ƙwayoyin fangas ne ke haddasa ta, musamman wanda masana ke kira Trichophyton rubrum, wato dai irin wanda ke jawo cin ruwa a tsakanin yatsun ƙafa. Galibi daga fatar yake ratsawa zuwa ƙarƙashin farce, inda yake samun mafaka da abinci. Danshi da ɗumi su ne abin da yake so. Don haka ma'aikacin da ke wuni da safa cikin rufaffen takalmi, da ɗan kasuwar da ke mayar da ƙafa cikin takalmi bayan alwala ba tare da ta bushe ba, duk suna cikin waɗanda cutar ta fi saurin kamawa. Haka nan tsofaffi da masu ciwon suga. Ana kuma iya ɗaukarta daga kayan masu yankan farce idan ba a tsabtace su ba.

Abin lura shi ne, ba kowane lalataccen farce ne fangas ya ɓata ba. Kusan rabin matsalolin farce daga wasu dalilai suke, kamar tuntuɓe, matsewar takalmi ko wasu cututtukan fata. Shi ya sa likitoci ke kankare ɗan ɓangaren farcen a kai ɗakin gwaji kafin a fara kowane magani.

Yadda leza ke aiki

Na'urar da aka fi amfani da ita, mai suna Nd:YAG, tana fitar da haske mai tsawon zango na nanomita 1064. Ana haska shi a kan farcen, ya ratsa zuwa ƙasa ya haifar da zafi, da nufin ƙona fangas ɗin ko hana shi yaɗuwa. Zama ɗaya yakan ɗauki mintoci, ba a buƙatar allurar kashe zafi, kuma mutum zai tashi ya ci gaba da harkokinsa. Yawanci ana maimaita zaman sau da yawa, da tazarar makonni a tsakani.

Farcen ba ya yin fes nan take. Ɓangaren da ya lalace sai ya tsiro an yanke shi, kuma farcen ƙafa ba ya wuce kimanin milimita ɗaya da rabi a wata. Kafin sabo ya maye gurbinsa gaba ɗaya akan kwashe watanni 12 zuwa 18.

Me bincike ya nuna?

A shekarar 2010 ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara ba na'urar leza izinin yin wannan aiki. Amma izinin na ƙara yawan farce mai tsabta ne na wani ɗan lokaci, hukumar ba ta ce na'urar tana warkar da cutar ba. A 2020 kuma, ƙungiyar Cochrane mai tace sakamakon binciken lafiya ta duba gwaje-gwajen da aka yi, ta gano cewa hujjojin ba su da ƙarfi, kuma mai yiwuwa babu wani bambanci na a zo a gani wajen kashe fangas tsakanin waɗanda aka yi wa leza da waɗanda ba a yi wa ba. A Birtaniya ma hukumar lafiya ta NHS ba ta ɗaukar nauyin wannan magani, mai so shi ke biya daga aljihunsa.

Har yanzu ƙwayar terbinafine ce likitoci suka fi dogara da ita. Akan sha miligiram 250 kullum na tsawon makonni 12, kuma gwaje-gwaje sun nuna tana kashe fangas ɗin a kusan mutum bakwai cikin goma. Matsalarta ita ce tana iya taɓa hanta, shi ya sa ake gwajin jini kafin a fara, kuma ba a sayenta a kemis a sha da ka. Akwai kuma magungunan shafawa, waɗanda suka fi dacewa da cutar da ba ta yi nisa ba, sai dai suna buƙatar haƙurin kusan shekara guda.

Wa leza ta dace da shi?

Tana iya zama zaɓi ga mai ciwon hanta, ko wanda ke shan magungunan da ba sa jituwa da ƙwayar, muddin ya san cewa ba tabbas ne ake sayar masa ba. Mai ciwon suga da jijiyoyin ƙafarsa suka yi rauni kuwa sai ya yi hattara, domin zafin na iya ƙona shi bai ji ba, kuma ƙaramin rauni a irin wannan ƙafa kan zama gyambo.

Kafin biyan kuɗi, ya kamata mutum ya tambaya ko an yi gwajin da ya tabbatar fangas ne, zama nawa za a yi, nawa ne jimillar kuɗin, sannan ko likitan fata ne zai riƙe na'urar.

Kowace hanya aka bi, cutar kan dawo idan ba a sauya ɗabi'a ba. Busar da tsakanin yatsu bayan wanka da alwala, sauya safa kullum, shanya takalmi, magance cin ruwa da wuri, da mallakar abin yankan farce na kai, su ne ke hana kuɗin magani tafiya a banza.